Ba duk digiri ke ciyar da gida ba

A Ɗan Issa, idan yaro ya ci jarrabawar bak, gida kan ɗauka an tsallake siraɗi. Sai dai takardar jami'a iri-iri ce. Wanda ya karanta likitanci ko harhaɗa magani da wuya ya daɗe a zaune, domin ko gwamnati ba ta ɗauke shi ba, asibitoci masu zaman kansu a Maraɗi da ƙungiyoyin agaji suna nemansa. Wanda kuwa ya fito da lisansin tarihi, labarin ƙasa ko ilimin zamantakewa, yakan gama bautar ƙasa ya faɗa koyarwar kwantaragi, ga albashi kaɗan, ga jinkirin biya. Shi ya sa wasu ke komawa fiton kaya zuwa Jibiya, wasu su nufi ramukan zinariya, duk da ruftawar da ta ci rayuka 18 a Garin Liman a Nuwamban 2021. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke raina fannin noma. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo tana nan kusa, tana da tsangayar aikin gona, mu kuma gero da wake da gyaɗa ne arzikinmu, amma uba ya fi son a ce ɗansa lauya zai zama. Ban ce tarihi banza ne ba, ƙasa na bukatar malamai. Iyaye dai, kafin ku sayar da bijimi ko ku jinginar da gona, ku tambayi yaron: waɗanda suka riga shi gama wannan fanni, ina suke aiki yau?