Filin Masu Mota: Garaje Ba Ƙarfi Ba Ne

Duk direban da ke jigilar citta tsakanin Kwoi da Kachia da Kafanchan ya san yadda mota kan fito daga hannun makanike: an gyara inji, amma sawun yatsu na baƙin mai da giris ya zauna a ƙofa. Nan da nan yaron mota zai tsoma tsumma a fetur ya hau dirza. Maiƙo ya tafi, amma ƙyallin fenti ya bi shi, dillali kuwa ba ya yafe wannan ranar sayarwa.

Baƙin mai ba ya cin fenti a yini guda, saboda haka babu dalilin garaje. A kai mota inuwa jikinta ya huce. A fara kwara ruwa ya tafi da ƙurar hunturu, domin ita ke karce fenti idan tsumma ya danne ta. Sa'an nan a tsane man da ƙyalle mai laushi, a wanke da ruwan ɗumi da sabulun ruwa. Giris ɗin da ya ƙi fita a ɗiga masa kananzir kaɗan, a ɗauraye nan take, a sake shafa kakin goge mota, gama kananzir yana kwashe shi.

Man birki ne kaɗai ba a yi wa jinkiri, domin cikin 'yan mintoci yake tausasa fenti. Da yake yana bin ruwa, a kwarara masa ruwa mai yawa tun kafin a nemi tsumma.