Allura Ɗaya, Sai Kiran Likita



Duk wanda ya taɓa jinyar ƙafar da ta kumbura, ta ɗau zafi, fatar ta ɗaure tana sheƙi, ya san ciwon da likitoci ke kira selulaitis. Ƙwayoyin bakteriya ne ke shiga ta ɗan rauni, ko tsagar da ke tsakanin yatsun ƙafa, ko cizon ƙwaro, su bazu a ƙarƙashin fata. Idan abin ya yi tsanani, a kan ba mutum gado a riƙa ɗura masa magani ta jijiya, kullum sau biyu ko fiye. Da yawa daga cikin masu kwanciyar nan suna cin abincinsu, suna tafiya da ƙafarsu. Allurar ce kaɗai ta riƙe su.

A Amurka an samo wata hanya. A 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince da maganin dalbabansin, wanda ake sayarwa da sunan Dalvance. A 2016 ta yarda a riƙa ba da shi sau ɗaya tak, miligiram 1,500 cikin minti 30. Yana daɗewa a jiki fiye da mako guda yana aiki, har a kan bakteriyar nan mai taurin kai da ake kira MRSA. Wani bincike da aka buga a 2021, wanda aka yi a sashen gaggawa na asibitoci 11, ya gwada tsarin: a yi allurar, a sallami majiyyaci, a kira shi a waya bayan awa 24, likita ya sake ganinsa cikin kwana biyu zuwa uku. Waɗanda ake kwantarwa suka ragu daga kusan kashi 38 cikin ɗari zuwa kusan 18. Sai dai maganin na da tsada, allura ɗaya dubban daloli ce.

Ni a ganina, wannan kiran wayar shi ne ƙashin bayan tsarin. Kafin a sallami mutum, ma'aikaciyar jinya kan zagaye kumburin da biro. Washegari a tambaye shi: ciwon ya tsallake layin, ko ya ja da baya? Akwai zazzaɓi? Ya iya taka ƙafar? Wasu asibitocin kan ce a turo hoto. A Ingila ma hukumar lafiya ta NHS na jinyar wasu marasa lafiya a gidajensu, da na'urorin auna zafin jiki da bugun zuciya, ma'aikata na bibiya daga nesa.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Alamar da aka fi koya wa likitoci ita ce jan fata. To, a jikin baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, wurin sai dai ya ƙara duhu, hoton waya kuma na iya ɓoye shi gaba ɗaya. Likitan da ya dogara da hoto kaɗai zai iya cewa an samu sauƙi alhali ciwo na ci. Dole ya tambayi zafi da tauri da raɗaɗi, majiyyaci kuma ya faɗi gaskiya.

Ba kowa ake sallama ba. Mai ciwon suga da ya ƙi daidaituwa, da wanda jininsa ya sauka ko hankalinsa ya fara gushewa, da mai kumburi kusa da ido, duk gado ya kamace su. Idan raɗaɗi ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, ko fata ta fara baƙi tana ƙuraje masu ruwa, ana tsoron ciwon da ke cin nama cikin awoyi, wanda sai tiyata. Mugunya kuwa in ta taru, hannu ne ke fitar da ita.

Saboda haka kada wani ya ji wannan sharhi ya wuce kemis ya sayi kafso ya koma ɗaki. Waɗancan majiyyatan likita ya duba su ido da ido kafin ya ce su tafi gida. Malam, Hajiya, idan ƙafa ta kumbura ta ɗau zafi, a je asibiti yau. In an sallame ku, ku karɓi lambar da za ku kira, ku zagaye ciwon da biro, ku koma da zarar ya tsallake layi.

Mu kwana lafiya.