Martani: Bakin Tsohon Soja Ba Tatsuniya Ba Ne

Wani marubuci ya yi wa tarihin baka na Yaƙin Basasar Najeriya kuɗin goro, ya ce littattafan da manyan hafsoshi suka rubuta ne kaɗai abin dogaro. Ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Ya ce tsofaffi suna mantuwa. Suna yi, musamman wajen ranaku da adadi. To, shi janar ɗin da me ya rubuta nasa, in ba da ƙwaƙwalwa ba? Obasanjo ya fitar da My Command a 1980, shekara goma bayan an ajiye makamai. Alabi-Isama, wanda shi ma ya yi yaƙin a runduna ta uku, sai a 2013 ya fitar da The Tragedy of Victory, ya bi labarin Obasanjo yana ƙaryata shi gaɓa bayan gaɓa. Duka biyun bugaggu ne, da bango da hotuna. A kan wanne malam zai dafa?

Ya ce mai labarin baka yana ƙara gishiri. Akwai kurtun da zai ce maka shi kaɗai ya ci gari, wannan mun sani. Amma wa ya fi buƙatar wanke kansa, wanda aka ce ya harba ko wanda ya ce a harba? Dubi Asaba. Ranar 7 ga Oktoba, 1967, mutanen gari suka fito cikin fararen kaya suna yi wa sojojin tarayya maraba, aka ware maza aka buɗe musu wuta a Ogbe-Osowa. Ɗaruruwa suka mutu. Shekaru aka yi labarin yana hannun zawarawa da marayu, har Elizabeth Bird da Fraser Ottanelli suka tattara shaidarsu suka buga a 2017. Maganar tana yi mana ɗaci a Arewa, domin runduna ta biyu ta Murtala ce ta shiga garin. Ɗacin bai mayar da ita ƙarya ba.

Ya ce ba a iya tantance maganar baka. Wannan ya fi ba ni mamaki daga bakin wanda ya tashi cikin al'ummar da ta san isnadi. Ana tambayar mutum: ka gani da idonka ko ji ka yi? Daga wa? A wace bataliya kake? Sai a nemi wani da bai san shi ba, a ji ko maganarsu ta haɗu, sannan a gwada da takardun soja da jaridun lokacin. Wannan sikelin nake so a ɗora littafin janar a kai, domin har yanzu ana karɓarsa ba tambaya.