Kafin fuskar agogo ta ruɗe ka, juya bayansa



Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, agogo mai tsada ya hau hannun samarinmu. In albasa ta yi kuɗi ma, haka ne. Ban ga laifi ba, kowa da abin da yake so. Damuwata ita ce yadda muke zaɓe.

Ƙanena ya dawo daga Agadez da wani agogo mai koriyar fuska, sai ƙyalli yake, jikka ɗari uku. Wata biyu yana ban ruwa a garka, raɓa ta taru cikin gilashin, ruwan zinariyar ya koɗe. Fuska ya saya, bai duba jiki ba.

Launi, lambobi ko ƴan sanduna, tagar kwanan wata, duk son rai ne. Gaskiya ne masu tara agogo suna ƙara kuɗi a kan fuskar da ba a cika samu ba, amma fa sai ta asali, don fuska ana sake mata fenti, ana musanya ta. A nan ƙasan Bagzan, inda ƙura ke shiga ko'ina, jiki ne ke tsare injin. Rolex kansa da jiki ya yi suna: a 1926 ya fito da Oyster, wanda bayansa da makunninsa ake murɗawa su rufe gam, ruwa ba ya shiga.

To in za ka saya, murɗa makunnin ka ji ko yana kullewa. Duba murfin baya ko an sha ɓalle shi. In an ce zinariya ce, nemi hatimin 750, wato karat 18, sannan ka kai wa maƙeri ya gwada, don hatimi ma ana yin na jabu. Iyayenmu mata ba sa sayen azurfa sai sun juya ta sun auna nauyinta a tafi. Mu yi koyi da su mana.

In kuɗin bai kai ba, Casio na gaske ya fi Rolex na jabu mutunci. Gumin rami da na garka ya fi ƙarfin a zubar da shi don ƙyalli.

Ku fa, me kuke fara dubawa? Ina jiran amsoshinku.