Wanda Ya Tashi Daga Ciwon Daji, A Tsare Shi Daga Barasa

Tun shekarar 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya barasa a sahun farko na abubuwan da ke jawo wannan cuta, sahu guda da taba sigari. A 2023 kuma Hukumar ta fito fili ta ce ko kaɗan aka sha akwai haɗari. Abin da Suratul Ma'ida ta haramta tuntuni ke nan.

Barasa in ta shiga jiki takan rikiɗe ta zama guba mai lalata ƙwayoyin halitta. Daga nan daji kan kama baki, maƙogwaro, hanta, hanji ko nono. Wanda ya warke daga na baki ko maƙogwaro kuwa, in ya ci gaba da sha, ya buɗe wa wani sabo ƙofa.

Ba mai miƙa wa majinyaci giya da sunanta a Bacirawa. Ta bayan gida take shigowa, cikin 'yan kwalaben nan masu ɗaci da ake talla da sunan maganin basir ko ƙarin kuzari, alhali wasunsu haɗin barasa ne. Iyali sun sayar da gona, sun yi ta zarya zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, sannan wani ya kawo wannan wai dubiya!

Wajibi ne 'yan'uwa matasa, tunda su ke iya karanta rubutun jikin kwalba, su duba kafin dattijo ya kai baki. In ba rubutu, a ajiye har a tambayi likita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.