Salula ta cinye mini forfe

Ran Laraba na sa forfen dala ɗari don in aika lissafin asusu ta WhatsApp. Kafin in sauke tukunya, ko mega ɗaya babu! Ashe salular ce ke sabunta kanta, wai mizajur. Ɗiyata ta shiga Play Store, ta gyara sai da wifi. Amma kar ku ƙi sabuntawar sam, ita ke toshe wa ɓarayi ƙofa. Ni sai na kai tattasai Diffa nake yin ta.

Sannan in za ku ba da caji a kasuwar Gagamari, ku sa lambar sirri. Hoton littafinmu na ciki fa, har da sunan mai bashi.