Bayan Mutum Na Uku, Sai Wa?

Duk wanda ya taɓa fataucin shanu tsakanin Arewa da Kurmi ya san wata ƙa'ida wadda ba a rubuta ta a kowane littafi ba. Falke mai hankali ba ya loda dukan dukiyarsa a mota ɗaya, kuma ba ya yarda shi da babban ɗansa da yaron da ya san masu bashi su ɗare kan tirela guda. Ba mugun fata yake yi wa kansa ba. Ya dai san halin hanyar Jebba, ya kuma san in abu ya faru dole a sami wanda zai riƙe gida. To, abin mamaki, wannan ɗan hankali da ke wurin mai shanu ashirin a kara, shi ne ya gagari masu riƙe da ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200.

Ku dubi ranar da Shugaban Ƙasa yake kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Tarayya a Abuja. Ana haɗa majalisun nan biyu a zaure ɗaya. Shugaban Ƙasa yana tsaye yana karatu, Shugaban Majalisar Dattijai da Kakakin Majalisar Wakilai suna zaune kusa da shi, sau da yawa Mataimakin Shugaban Ƙasa ma yana nan, ga ministoci, ga manyan hafsoshi, kowa ya sha ado. Haka abin yake ran taron Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, wadda tsarin mulki ya tara wa Shugaba da Mataimakinsa da shugabannin majalisu biyu da gwamnoni duka 36 da tsofaffin shugabanni, a ɗaki guda, bayan ƙofa guda. Masu ɗaukar hoto suna murna. Ni kuwa duk lokacin da na ga irin wannan hoto, tambaya ɗaya ce take zo mini: in rufin nan ya rufta, gobe da safe wa za a ce shi ne shugaban Nijeriya?

Na buɗe tsarin mulkin 1999 don neman amsa. Sashe na 146 ya ce in Shugaban Ƙasa ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi, Mataimakinsa ne zai hau. In kuwa a lokacin babu Mataimaki, Shugaban Majalisar Dattijai zai riƙe kujerar, amma kada ya wuce wata uku, cikinsu a yi sabon zaɓe. Iyakarta ke nan. Bayan mutum na uku takarda ta yi shiru. Jihohi ma haka: sashe na 191 ya ambaci Mataimakin Gwamna, ya ambaci Kakakin Majalisar Jiha, ya tsaya. Wato mutum uku kaɗai muka tanada, kuma su ukun nan su ne muka fi son jerawa a wuri ɗaya.

Amurka, wadda muka aro tsarin shugaba mai cikakken iko daga gare ta a 1979, ba ta tsaya nan ba, domin ta sha wuya ta koyi darasi. Daren 14 ga watan Afrilu 1865 waɗanda suka harbe Shugaba Abraham Lincoln ba shi kaɗai suka nufa ba. A daren nan aka daddaɓa wa Sakataren Harkokin Waje William Seward wuƙa a kan gadonsa, wanda aka tura ya kashe Mataimakin Shugaba Andrew Johnson kuwa zuciyarsa ce ta karaya. Dokar gadon mulki da suke aiki da ita yanzu, ta 1947, ta jera mutane bi da bi: Mataimaki, Kakakin Majalisar Wakilai, dattijon da ke riƙon shugabancin Majalisar Dattijai, sannan ministoci bisa tsufan ma'aikatunsu, daga na harkokin waje har zuwa na tsaron cikin gida, su 18 ke nan. Daɗin daɗawa, tun zamanin da suke zaman ɗar-ɗar da Tarayyar Sobiyet, suka ɗauki wata al'ada. Duk daren da Shugaba zai yi jawabinsa na shekara gaban majalisu, sai a zaɓi minista ɗaya a ce kai kam ba ka zuwa. A kai shi wani wuri nesa, da masu gadi, da hanyar magana da sojoji, ya zauna har a watse lafiya.

Wanda aka ware a 1997, ministan aikin gona Dan Glickman, ya ba da labari da bakinsa cewa gidan 'yarsa ya tafi a birnin New York, ya kalli jawabin a talabijin. Ana gamawa masu gadi suka yi sallama suka kama gabansu, daga baya ya tsinci kansa a bakin titi yana neman tasi. Abin dariya ne, amma ku lura da arahar abin. Mutum ɗaya ya rasa zama a sahun gaba na 'yan sa'o'i, ƙasa kuwa ta kwana da tabbacin cewa ko me ya faru akwai wanda doka ta sani.

Kada wani ya ce ai wannan tsoron Turawa ne kawai, abin ba ya aukuwa. Ran 10 ga watan Afrilu 2010 jirgin saman Shugaban ƙasar Polan, Lech Kaczynski, ya faɗi kusa da Smolensk a Rasha. Mutum 96 ne a ciki, ba wanda ya fita. Har da shugabannin sojan ƙasa da na sama da na ruwa, da gwamnan babban banki, da 'yan majalisa da yawa. Amma mutumin da tsarin mulkinsu ya ambata, Kakakin Majalisa Bronislaw Komorowski, ba ya cikin jirgin. A ranar ya karɓi riƙo, kafin wata uku an yi zaɓe, ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Ku gwada wannan da Ruwanda. Ran 6 ga Afrilu 1994 aka harbo jirgin da ke ɗauke da Shugaba Habyarimana da babban hafsan sojansa da Shugaban Burundi. Kashegari aka bi Firayim Minista Agathe Uwilingiyimana aka kashe, aka kashe shugaban kotun tsarin mulki, don kada a bar wanda zai ce doka ta ba ni. Waɗanda suka daɗe suna wasa adda suka sami fili. Abin da ya biyo baya duniya ta sani.

Amma me ya kai mu nesa? Tarihinmu ya ishe mu. Gaskiya ne shugabannin da aka kashe ran 15 ga watan Janairu 1966 ba a zaure ɗaya aka same su ba, gida gida aka bi su, a Ikko da Kaduna da Badun. Sai dai ku duba abin da ya faru da gari ya waye. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ba a san inda yake ba. Shugaban Ƙasa Azikiwe yana ƙasar waje. Ragowar ministoci suka taru, wani ɓangare ya ce a ba Zanna Bukar Dipcharima riƙo, wani ya ce a ba Mbadiwe. Mai riƙon shugabancin ƙasa, Nwafor Orizu, bai rantsar da kowa ba, daren 16 ga wata ya yi shela an miƙa mulki ga Janar Ironsi. Har yau ana gardama ko da son rai aka miƙa ko bisa tilas. Abin da ba gardama a kansa shi ne, da akwai takardar da ta faɗi sunan wanda zai gaji Firayim Minista nan take ba tare da shawara ba, da mai son karɓe mulki sai ya fito fili ya taka doka kowa yana gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bayan wata shida aka maimaita. Da aka kashe Ironsi a ƙarshen watan Yuli, ƙasa ta yi kwana uku ba shugaba. Birgediya Ogundipe ne babba a muƙami, sojoji suka ƙi bin umurninsa, aka ɗora Laftanar Kanar Gowon, Ojukwu kuma ya ce shi bai yarda a tsallake na gaba ba. Wannan gardama ta wa ya kamata ya gaji wa tana cikin itatuwan da suka hura wutar yaƙin 1967 zuwa 1970.

A nan ne maganar ta shafe ku, ya ku 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Obalende, da Sabon Badun da na Shagamu, da masu zama a Anaca da Fatakwal. In aka wayi gari ba a san mai mulki ba, manya suna da jirage da gidaje a ƙasashen waje. Baƙo ne yake fara ji a jikinsa. A 1966 Ibo mazauna Arewa aka yi wa kisan gilla, dubbai suka halaka, sauran suka tsere suka bar gidaje da kantuna. 'Yan Arewa mazauna Gabas su ma aka taɓa su, aka kwaso ragowar zuwa gida. A 1993, bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, ba a kai ga yaƙi ba, amma dattawan unguwanninku za su gaya muku yadda tashoshin mota suka cika da masu gudu, kowa da ƙunshinsa a ka. Mai goro da mai gadi da mai canji da mai tura baro, su ne suke biyan kuɗin shirun da sashe na 146 ya yi.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce wannan fatan mutuwa ne ga shugabanni, kuma rai a hannun Allah yake. Ba mai musun haka. Amma su waɗannan shugabanni da motoci masu sulke suke yawo, da 'yan sanda gaba da baya, ba wanda ya ce musu sun ƙi ƙaddara. In ya halatta mutum ya tsare ransa, ta yaya zai zama laifi a tsare ƙasar da ya yi rantsuwa a kanta?

Wasu kuma za su ce in aka tsawaita jerin, rigimar ɓangare za ta tashi: kujera ta Kudu ce ko ta Arewa, wane addini, wace ƙabila. Wannan ita ce hujja mai ɗan nauyi, kuma ita ce ta fi ƙarfafa maganata. In har rigimar za ta tashi, gara ta tashi yanzu a zauren majalisa, kowa yana da rai, ana shan shayi, da ta tashi da tsakar dare tsakanin mutane masu bindiga. Kuma ai riƙo ne na wata uku, ba sarauta ba ce. Hujja ta uku ba a faɗinta a fili, amma ina jin ita ce ta gaskiya: ba babban mutumin da yake so a ce ran biki ba a gan shi a hoto ba, kada maƙiya su ce an yi fushi da shi.

Halinmu dai shi ne ba mu gyara katanga sai ta faɗi. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya ran 23 ga Nuwamba 2009 ba tare da takardar miƙa riƙo ba. Kwana 78 ƙasa tana lilo, sai ran 9 ga Fabrairu 2010 Majalisa ta lalubo wata dabara da ta kira dokar larura ta ba Goodluck Jonathan riƙo. Bayan nan ne aka gyara sashe na 145 aka sa wa'adin kwana 21. Madalla. Amma a shekarar nan, ran 1 ga Oktoba, bama-bamai suka tashi kusa da Dandalin Eagle ana tsakiyar bikin cika shekara 50 da samun mulkin kai, manyan ƙasa suna zaune a rumfa, talakawa suka mutu a bakin titi. Me aka koya? Shekarar da ta biyo aka mai da bikin cikin fadar Shugaban Ƙasa. An sake wuri, ba a sake hali ba. An yi ta yi wa tsarin mulki kwaskwarima daga 2010 zuwa 2023, ba a ƙara mutum ko ɗaya a bayan na uku ba.

Batun jiragen sama kuwa, kunya ma ta isa. A watan Satumba 1992 jirgin soja ya faɗi a Ejigbo, nan Ikko, da mutum fiye da 150, yawancinsu hafsoshin da ke kwas a Jaji. A Satumba 2006 wani ya faɗi a Jihar Binuwai da janar-janar da dama a hanyarsu ta zuwa taro a Obudu. Ran 21 ga Mayu 2021 babban hafsan sojan ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, ya rasu a Kaduna tare da manyan hafsoshin da ke aiki da shi, su 11 a jirgi ɗaya. Allah ya jiƙansu. Kowane karo a kafa kwamiti, a sauke tuta, a koma gidan jiya.

Abin da ake bukata ba shi da yawa. A gyara sashe na 146 da na 191 a jera magada har a kai goma ko fiye, a fara da zaɓaɓɓu, wato Kakakin Majalisar Wakilai da mataimakan shugabannin majalisu biyu, kafin a gangaro kan ministoci. Ni a ganina a bar Alƙalin Alƙalai a waje, domin shi ne za a kai wa ƙara in gardama ta tashi. Wannan gyara yana bukatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa da amincewar majalisun jihohi 24, saboda haka zai ɗauki lokaci. Amma ware mutum ɗaya ran taro, da hana Shugaba da Mataimaki ko shugabannin soja shiga jirgi guda, ba ya bukatar ƙuri'ar kowa. Umurni ne na shafi ɗaya, ana iya sa masa hannu kafin azahar. Ko a jerin ukun da muke da shi yau, ba abin da ya hana Mataimakin Shugaban Ƙasa ya saurari kasafin kuɗi a rediyo daga wani gari.

Ku kuma kuna da baki biyu, ɗaya a inda kuke zaune, ɗaya a garuruwanku na asali. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni sun saba rubuta wa hukuma takarda a kan rumfuna da haraji, su rubuta a kan wannan ma. In ɗan majalisa ya zo Sabo neman ƙuri'a, ya gama rabon atamfa da alkawarin rijiyar burtsatse, wani dattijo ya miƙe ya ce masa: ranka ya daɗe, karanta mana sashe na 146, ka gaya mana sunan mutum na huɗu.